Makin da na tara shekara uku, da kujerar da aka hana Hajiyarmu

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai mako uku ke nan, na ce bari in kawo shi nan ko akwai wanda ya taɓa shiga irinsa ya fita.

Ina harkar yadi da labule a Kantin Kwari, ina zuwa Guangzhou sau huɗu, wani lokaci biyar a shekara. Shekara uku kamfanin jirgi ɗaya nake bi, ko da wani ya fi shi sauƙi, saboda katin makin nan da suka ba ni, wanda duk tafiyar da ka yi ake tara maka maki ka yi amfani da shi daga baya. Ko maki ɗaya ban taɓa cira ba. Don Hajiyarmu nake tarawa. Tana fama da ciwon baya, likita ya ce ƙashi ne ke danne jijiya, ba ta iya zaman minti arba'in a miƙe sai ta kishingiɗa.

Da aka sa ranar yi mata aiki a Indiya na sayi tikitin ikonomi biyu, na kira su na ce a ɗaga nata zuwa bizines da makina. Aka ce wannan tikitin ba ya ɗaguwa, sai na ƙara dala 280 an mayar da shi mai tsada. Na ƙara. Sannan aka ce bayan maki 60,000 akwai dala 400 da ake biya a kai. Na ce to makin na mene ne? Aka ce haka tsarin yake. Na biya, domin uwa ce. Imel ya zo, kujera 3A, na buga shi a takarda na sa a jakarta.

Ranar tafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, tana kan keken marasa lafiya, yarinyar kanta ta miƙo mini takardar shiga jirgi na ga 31C. Na nuna mata takardata. Ta duba kwamfuta ta ce ita ikonomi take gani, wataƙila an canza jirgi. Na ce a kira mini babba, aka ce yana waje wajen jirgi. Muryata ta fara tashi, sai Hajiya ta kamo hannun rigata ta ce, "Bari, kada ka yi faɗa da 'yar mutane saboda ni." Ta naɗe mayafinta ta cusa a bayanta muka shiga.

Da muke wucewa ta gaba na ƙirga kujeru huɗu babu kowa. Na roƙi ma'aikaciyar jirgi, ta ce ba ta da iko. Inda muka yada zango ma haka, jirgi na biyu ikonomi. A wannan doguwar tafiyar a tsaye na kwana kusa da banɗaki don ta miƙe a kan kujerun mu biyu, duk sanda aka kunna fitilar ɗaura bel sai in tashe ta in zaunar da ita. Ba ta yi kuka ba, amma ina jin yadda take jan numfashi.

Yanzu babu makin, babu dala 680. Na kira sau goma sha ɗaya, kullum sabon mutum, kullum in faro labari daga tushe. Imel shida na tura, amsa ɗaya ce ke dawowa, wai sun karɓi saƙona kuma ina da muhimmanci a wurinsu. Hajiya tana can da ƙanwata, ta kusa dawowa. Me zan yi?

Maman Ilham:
Innalillahi. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne. Wallahi da na zo wurin da ta kama hannun rigarka sai da na ajiye wayar.

Ejan na Zoo Road:
Alhaji sannu, Allah Ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Shekara goma sha huɗu ina yankar tikiti, bari in faɗa maka abin da nake zargin ya faru.

Da farko maganar "ba ya ɗaguwa". A ikonomi kujera iri ɗaya ce, amma farashi kashi-kashi ne, kowane da harafinsa. Y da B da M galibi su ne masu tsada, sauran haruffa na ƙasa su ne masu araha. Wanda ke kusa da kai zai iya biyan ninkin abin da ka biya, abinci ɗaya za ku ci. Kamfanoni da yawa ba sa yarda a ɗaga masu arahar da maki, dala 280 ɗinka kuɗin hawa daga wannan harafi zuwa wancan ne.

Inda nake ganin matsalar take: lambar buking mai harafi shida daban, tikiti mai lamba 13 daban. Idan an ɗaga mutum, dole a sake fitar da tikitin ko a daidaita shi da sabuwar kujerar. Sau da yawa wanda ya amsa waya zai gyara buking, imel ya tafi da 3A, amma tikitin yana nan da tsohon harafinsa. Da zarar an canza jirgi ko lokaci, kwamfuta sai ta koma ga abin da ke jikin tikiti. Yarinyar kanta ba ƙarya ta yi maka ba, abin da ta gani ta faɗa.

Duba imel ɗinka. Dala 400 ɗin ya kamata ta zo da rasit nata daban, shi ma mai lamba 13. Wannan lambar ita ce makaminka. Kada ka sake ba kowa labari a waya, lambar za ka ba su ka ce an karɓi kuɗin aiki ba a yi aikin ba.

Ɗan Kwari:
Malam na gode. Na duba yanzu, akwai rasit ɗin, kuma gaskiyarka, lambar tikitinta ba ta canza ba tun bayan dala 280. Amma kujeru huɗun da na gani fa?

Ejan na Zoo Road:
Zai yiwu wata ta lalace, zai yiwu an ware wata don hutun matuƙa. Amma huɗu sun yi yawa. Abin da ya fi kama hankali shi ne akwai wuri, manajan tasha ne kawai ke da ikon sa hannu, shi kuma bai zo ba.

Sarkin Tafiya 09:
Allah Ya ba Hajiya lafiya. Amma Alhaji a yi haƙuri in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Mara lafiya irin wannan ba a jingina tafiyarta da maki. Kamfani kasuwanci yake yi, kai ma ɗan kasuwa ne. Kyautar da kake yi wa kwastoma a shago ai ba ta zama bashi a kanka. A ƙa'idojin da muke danna "na yarda" ba mu karanta ba, sun rubuta cewa suna iya canza tsarin duk sanda suka so. Da ka sayi bizines kai tsaye da kuɗinka da ba a kai nan ba.

Maman Ilham:
Haba Malam. Wace kyauta? Mutum ya biya dala 680 kana kiran ta kyauta? Idan na ba tela kuɗin ɗinki har da na aiki, ya kawo mini riga babu aiki, sai ya ce ai aikin kyauta ne?

Ɗan Kwari:
Yaya Sarkin Tafiya, na karɓi rabin maganarka, da na san haka ne da na sayar da wani abu na saya mata kai tsaye. Amma ni a shagona idan na ce wa mutum duk dila goma da ya saya zan ƙara masa yadi biyar, ya zo ya cika goma, wallahi ya zama bashi. Don wannan alkawarin ya wuce shagon maƙwabcina ya zo nawa. Ni ma sau nawa na bar tikiti mai rangwamen dala ɗari da wani abu saboda katin nan.

Sarkin Tafiya 09:
A kan kuɗin ban yi musu ba, dole su dawo da shi. Makin nake magana.

Malamin Tattali:
To makin ma ba kyauta ba ne, kuma su kansu kamfanonin ba sa ɗaukarsa kyauta. American Airlines ce ta fito da babban tsarin nan a 1981, sauran suka bi. A farko da nisan tafiya ake ƙirgawa, ka yi mil dubu a ba ka maki dubu. A 2015 Delta da United suka koma ƙirgawa da yawan kuɗin da ka biya, American ta bi a 2016, kamfanoni da dama a duniya suka kwaikwaya. Ma'ana ɗan kasuwan da ke cikin jirgi kowane wata da tikiti mai araha ya koma baya, wanda ofis ke saya wa mai tsada ya wuce gaba.

Kuma kamfanin yana sayar da makin ga bankuna, su kuma su raba wa masu katin bashi. Lokacin korona da jirage suka tsaya, da me suka ci bashi? A 2020 United ta karɓo dala biliyan 6.8 ta jinginar da tsarin makinta, Delta biliyan 9, American biliyan 10 a 2021. Banki ba ya karɓar jinginar abin da ba dukiya ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kamfanin ne ke buga wannan kuɗi, shi ne ke yanka farashin abin da za ka saya da shi, shi ne kuma ke cewa kujera nawa za a sayar da shi a kowane jirgi. Abin da maki 40,000 ke yi bana, baɗi sai 60,000, sannan a ɗora kuɗin hannu a kai. Wanda ya ajiye maki shekara uku kamar wanda ya ajiye naira a ƙarƙashin katifa ne tun kafin darajarta ta faɗi a Yunin 2023.

Sarkin Tafiya 09:
Wannan na ƙarshen na yarda da shi. Ni duk sanda nawa ya isa tikitin Legas ko Akara sai in ƙone shi, ba na bari ya kwana.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Kanta:
Ina karantawa tun ɗazu, sai yanzu na iya magana. Na yi shekara shida a kanta. Alhaji, Allah Ya saka wa Hajiya da ta hana ka yi wa yarinyar nan faɗa. Yawancin waɗanda kuke gani a kanta ba ma'aikatan kamfanin jirgin ba ne, na kamfanin da ke yi musu hidimar ƙasa ne, an dai sa musu rigar. Kwamfutar da ke gabanmu awon kaya da raba kujera kawai take yi. Ba mu ganin makinka, ba mu iya taɓa tikiti, ba mu iya mayar da ko kwabo. Idan na ɗaga mutum ba da sa hannun manaja ba, daga albashina za a cire.

An zage ni, an jefe ni da fasfo, wani ya taɓa cewa sai ya sa an kore ni. In koma gida in kasa cin abinci. Wanda ya yanke hukuncin yana wata ƙasa a ofis mai sanyi, bai taɓa ganin fuskar tsohuwa a kan keke ba.

Shawarata ga kowa: idan haka ta faru kada ka bar kanta sai an rubuta a cikin buking ɗinka cewa an sauke ka daga bizines ba da son ranka ba, a ba ka shaida a takarda. Ka ce manajan tasha kake nema, ka faɗi wannan sunan, kada ka ce "babba". Kuma ka ajiye guntun takardar shiga jirgi. Alhaji, 31C ɗin nan tana wurinka?

Ɗan Kwari:
Tana cikin fasfon Hajiya, na sa ƙanwata ta ɗauko hotonta yanzu. Hajiya ma'aikaciyar kanta, ki yafe mana, mu ma da yawa ba mu san haka abin yake ba.

Barista A.:
Alhaji ka daina kira. Waya ba ta barin shaida. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya tana da sashen kare haƙƙin fasinja, kuma suna da jami'ai a filin jirgin Kano. Kashi na 19 na dokokinsu ya yi magana a kan wannan kai tsaye: idan an zaunar da fasinja a ajin da bai kai wanda ya saya ba, a mayar masa da bambancin kuɗin, a ƙara masa kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, kashi 50 a ta ƙasashen waje. Jirginku daga Kano ya tashi, don haka wannan zangon yana ƙarƙashinsu.

Ka shirya, kamfanin zai ce ai ikonomi ka saya, ɗagawa ce kawai ba ta yiwu ba. Amsarka ita ce rasit ɗin dala 400 da imel mai 3A. An karɓi kuɗi, an tabbatar da kujera, ciniki ya faɗa.

Ka rubuta takarda shafi ɗaya. Kwanan wata, lambar jirgi, lambar tikiti, lambar rasit, abin da aka yi alkawari, abin da aka bayar, abin da kake nema a lamba: maki 60,000, dala 400, dala 280, da diyya. Ka haɗa takardar likita. Ka kai ofishin kamfanin hannu da hannu a buga maka hatimi a kwafinka, ka ba su mako biyu, sannan ka kai wa NCAA kwafin. Akwai kuma FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, idan abin ya ja. Dala 280 ɗin ita za su fi ja a kai, ka nuna cewa ba don ɗagawar ba da ba ka biya ta ba.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum. Barista tun da kana kusa, mu ma ka taimake mu. Ni daga Maraɗi nike zuwa Kano in hau jirgi, ya hi mini kusa bisa Yamai. Wata biyu ke nan akwatina guda bai iso ba, kayan mutane na ciki, samfur da turare. Kullum sai su ce ana nema. Wanga nema ba ya ƙarewa?

Barista A.:
Yana ƙarewa. A Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke aiki da ita, jakar da ba ta iso ba bayan kwana 21 kana da ikon neman diyyarta a matsayin wadda ta ɓata. Iyakar diyyar tun ƙarshen Disambar 2024 ita ce 1,519 a ma'aunin SDR na asusun IMF, wato kusan dala dubu biyu ga fasinja ɗaya, komai yawan jakunkunansa, kuma sai ka nuna abin da ke ciki da rasit. Ka cike fom ɗin ɓatan kaya kafin ka fita daga filin jirgi? Idan kana da shi da ɗan tambarin da aka manna a fasfonka, rubuta yau. Shekara biyu ke gare ka ka kai ƙara, bayan nan ƙofa ta rufe.

Bamaraɗe:
Na cike, yana hannuna. Madalla, Allah Shi biya.

Anti daga Manchester:
Abin da ke ci mini rai shi ne kamfani ɗaya, hali biyu. Bara an sauke ni daga bizines a jirgin da ya tashi daga nan Ingila. Dokar nan da ta Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 sun ce a tafiyar da ta wuce kilomita 3,500 a mayar wa mutum kashi 75 cikin ɗari na kuɗin wannan zangon cikin kwana bakwai. Fom ɗaya na cike, kuɗi ya shigo. Irin wannan kamfanin idan daga Kano ko Abuja ka tashi sai ya mayar da kai abin tausayi. Ba don ba mu da doka ba, Barista ya karanto ta. Sun san ɗayanmu cikin ɗari ne zai rubuta, sauran za mu ce Allah Ya isa mu tafi.

Baba Mai Ritaya:
'Yata kin faɗi gaskiya. Kuma haƙuri daban, barin haƙƙi daban. Idan Alhaji ya bari, gobe uwar wani za a yi wa.

Ni na yi zamanin Nigeria Airways kafin ta durƙushe a 2003. Ba zan ce muku ba a wahala ba, an yi jinkiri, an yi rububin kujera. Amma akwai ofis a cikin gari, akwai manaja mai suna da fuska, ka san unguwarsu, ya san idan ya wulaƙanta ka za ku haɗu a masallacin Juma'a ko wurin ɗaurin aure. Kano da jirgi ya fara sauka a cikinta tun 1925, garin nan, yau ɗansa ke kwana yana danna ɗaya danna biyu yana sauraron kiɗa, ba ya samun wanda zai ce masa "ni ne zan ɗauki nauyin wannan." Ni wannan ya fi kuɗin ciwo.

Ejan na Zoo Road:
Baba, akwai kuma abin da ya ɓata tsakaninmu da su. A 2022 da 2023 kuɗin kamfanonin waje sama da dala miliyan 800 ya maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala, har Emirates ta dakatar da zuwa, ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. A lokacin da yawansu suka rufe mana haruffa masu araha, muka koma sayar da masu tsada zalla. An biya su, an buɗe haruffan, amma mu da ke wannan sana'a mun san mayar da kuɗi daga nan har yau yana tafiyar hawainiya. Fasinja ne ya sha a lokacin, shi ne kuma ke sha yanzu, alhali ba shi ya riƙe musu kuɗi ba.

Maman Ilham:
To ni tambayata, katin nan yana da wani amfani kuwa, ko mu zubar?

Sarkin Tafiya 09:
Yana da shi, ga mai kaya. Ƙarin kilo da ake ba mai katin azurfa ko zinare, wato wanda ya hau babban mataki a tsarin, ya fi makin kansa daraja a wurin ɗan kasuwa, ga layi na daban, ga falo idan zangon ya yi tsawo. Kuma idan kamfanin yana cikin ƙawance irin Star Alliance ko oneworld ko SkyTeam, katin yana aiki a jiragen abokansa. Abin da ba zan sake yi ba shi ne biyan ƙari don in tara maki.

Malamin Tattali:
Ni ma a nan na tsaya. Amma ina ƙara cewa duk kamfanin da zai nemi kuɗi a kan maki ya faɗa tun ranar da yake ba ka katin, ba ranar da uwarka ke kan keke ba.

Ɗan Kwari:
'Yan'uwa ga inda aka kwana. Na yi yadda Barista ya ce, na kai takarda ranar Litinin aka buga mini hatimi, na aika wa NCAA kwafi ban jira mako biyun ba, Barista ka yi haƙuri, zuciya ce. Jiya da daddare makin ya dawo, 60,000 cif. Yau wani ya kira ni, karon farko da mutum ya faɗa mini sunansa da muƙaminsa, ya ce dala 400 za ta shigo, ta 280 kuma "ana dubawa", diyya bai ambata ba. Ya ce za su ba ni takardar rangwame a madadinta. Na ce a rubuto mini, kuma kuɗi na biya, kuɗi nake so.

Aikin Hajiya ya yi kyau, alhamdu lillahi, ta fara takawa da sanda. Likita ya ce lallai a kwance za ta dawo. Mutumin ya ce in sake amfani da makin su ɗaga ta ba tare da kuɗin hannu ba. Malam Ejan, in yarda?

Ejan na Zoo Road:
Ka yarda da sharaɗi. Su fitar da sabon tikiti mai sabuwar lamba 13, harafin bizines ya fito a jikin zango biyun duka, ba a imel ɗin kujera kawai ba. Su sa buƙatar keken marasa lafiya a kowane zango, ka tambaye su ko suna son fom ɗin likita tun da ba ta daɗe da fitowa daga tiyata ba, kada a tsayar da ita a Delhi a kan wannan. Turo mini lambar ta akwatin sirri in duba da idona. Idan zuwa jibi ba su fitar ba, akwai kujera biyu a wani jirgin ranar Alhamis, zan riƙe maka ɗaya har ƙarfe huɗu na yamma.

Ɗan Kwari:
Riƙe ta, Malam. Zan kira su da safe, in kira ka kafin azahar.